Lokotoron Bisashe da Aka Ajiye a Baranda

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a fannin kiwo, irin waɗanda mutanenmu na Arewa ke kira lokotoron bisashe. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ba zan kuma faɗi garin da abin ya faru ba, domin wasu daga cikin mutanen suna nan da ransu kuma ba tozarta su nake nufi ba. An haife ni a wani ƙauye kusa da Matankari. Mahaifinmu manomi ne mai 'yan shanu kaɗan, kuma ina yaro wata cuta ta shigo garinmu ta kwashe su yana kallo, bai san abin da zai ba su ba. Tun daga lokacin na sa wa raina wannan aiki. Da na gama karatu aka ɗauke ni, aka tura ni wani babban gari na yankinmu, na shiga aikin da zafina. Kafin rana ta fito na riga na ɗaura akwatin allura a bayan moto, wato babur ɗin aikina. Na san rugage, na san rijiyoyi, makiyaya sun san ƙarar motona tun daga nesa. Ina dawowa gida jikina duk ƙura da warin garke, matata tana yi mini dariya wai shanun ne uwargida, ita amarya ce kawai. A wancan lokacin in aka tambaye ni ko akwai wanda ya fi ni jin daɗin aikinsa a duk jihar Doso, zan ce babu.

Shugaban buronmu, wato ofishinmu, wanda muke ce wa shef, dattijo ne da ya kusa ritaya. Da farko yana ji da ni ƙwarai, ƙanena yake ce mini, kuma duk misiyon da ta taso, wato tafiyar aiki ta shiga daji, sunana ne a gaba. Abin ya lalace ne a wata bazara mai tsananin zafi. Wuta ta riƙa ɗaukewa, firjin da muke ajiye allurar rigakafi ya daina sanyi yadda ya kamata, ga shi ana shirin fita yi wa tumaki da awaki allura. Wanda ya san aikin ya san allurar da ta sha zafi ruwa ce kawai, za ka soka wa dabba, mai ita ya tafi yana murna, cuta ta zo ta kashe ta. Na same shi a ofishinsa mu biyu na gaya masa. Ya ce ya ji, zai duba. Na sake tuna masa, ya ce in bar maganar a hannunsa. Ana cikin haka manya suka zo daga Yamai duba shirin da aka yi. Aka tara mu, aka yi ta bayani cewa kome na tafiya daidai. Can sai babban baƙon ya ce ko akwai mai wata damuwa. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na tuna fuskokin mutanen da zan je in soka wa dabbobinsu wannan allura, sai na ɗaga hannu na faɗi abin da na sani. Baƙin suka je suka duba da kansu, suka sa aka janye allurar, aka kawo wata daga baya. Sun yi mini godiya a gaban kowa, suka shiga mota suka tafi, suka bar ni da shef.

Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Da ma hakan ya yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ya fara yi shi ne ya aiko a karɓi makullin moto, wai za a kai gyara. Da aka gyara sai na ga wani abokin aikina a kai. Aka fita aikin allura ba a kira ni ba. Bayan ɗan lokaci aka ce ana bukatar ɗakin da nake zama don ajiyar kaya, aka fitar mini da tebur zuwa baranda, daga baya teburin ma aka ɗauke, ya rage ni da wani dogon benci da masu jiran shef ke zama a kai. Da safe in zo in gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba. In na tambayi abin da zan yi yau, sai ya ce in jira, za a neme ni. In zauna a benci har azahar, in je masallaci, in dawo in zauna har a tashi. Abokan aikina da muke cin abinci kwano ɗaya suka koma gaishe ni da ido, suna tsoron kada a gan su tare da ni. Ban ga laifinsu ba, kowa yana da iyali. Haka na yi fiye da shekara biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya ɗauki halin da nake ciki a matsayin wahala. Albashina yana zuwa, ba a taɓa shi ba. In na yi ƙorafi a fada wurin shan shayi sai a fashe da dariya, a ce ga mutumin da gwamnati ke biya don ya huta yana kuka. Ni kaɗai na san abin da nake ji in na ga motar misiyo ta fita da safe an bar ni, ko in na haɗu da wani makiyayi a kasuwa ya riƙe hannuna yana tambaya lafiya ya daina ganina, ko wani abu suka yi mini. A hankali sai na soma canzawa. Na daina karanta littattafan aikina, na daina tambayar wace cuta ke yawo a wane gari. Ko akuyar gidanmu ta yi tari sai in wuce ta. Na rame, abinci ya daina yi mini daɗi, kuma abin da nake nadama a kai har yau shi ne na kwaso ɓacin ran na kai gida. Yarana da suka saba rugowa su tare ni suka koma ɓoyewa bayan uwarsu in sun ji sallamata, domin abu kaɗan sai tsawa.

Da mahaifiyata ta zo ta gan ni, hankalinta ya tashi. Ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, ko dai an yi mini sammu ko kuwa na taka wata iska a yawon dajin da nake yi, ta ce akwai wata mata a wajen garinmu da ta san sha'anin doguwa da sauran aljanu, in yarda a kai ni. Wani abokina kuma, matashin ɗan kasuwa mai riƙo da karatun addini, ya ce kada in kuskura in je, ƙarancin tawakkali ne ke damuna, in yawaita addu'a in bar wa gwamnati aikinta tunda ba ta san darajata ba. Matata ce ta saurare su duka, sai da muka keɓe ta ce mini ita ba ta ga iska ba, ba ta ga sammu ba, abin da ta gani shi ne mutumin da aka raba da abin da yake so. Ta ce mijin da ta aura yana dawowa da ƙura da labari, wannan kuwa yana dawowa da riga fes ba shi da abin faɗa.

Yayana yana kasuwancin wake da gyaɗa a Kore Mairuwa, yana kai kaya har ƙetaren iyaka, kuma Allah ya buɗa masa. Ya kira ni ya zaunar da ni a rumfarsa ranar kasuwa. Ya ce shi bai ga amfanin namiji ya tsufa a kan benci yana jiran wanda ba ya son ganinsa ba, ya ce yana bukatar wanda zai amince wa ya riƙe masa sito, in ajiye aikin in zo mu haɗu. Maganarsa ta shige ni. Na dawo gida na gaya wa matata na yanke shawara zan bar aikin gwamnati. Ba ta yi gardama ba, ta dai roƙe ni in bari sai an gama girbin hatsi, kada in yanke abu mai girma haka zuciyata tana tafasa. Na yarda don in faranta mata, ba don ina sa ran wani abu ba.

Kafin kaka ta ƙare sai ga afektasiyo ta fito, an canza mini wurin aiki zuwa wani ƙaramin gari can bayan Sukukutane, wurin da ya daɗe ba ma'aikaci saboda duk wanda aka tura sai ya san yadda ya yi ya zille. Kowa ya gane ƙarshen horon ke nan. Mutane suka riƙa zuwa yi mini jaje kamar an yi mini rasuwa. Ni kuwa na ce zan je in nuna fuskata kawai don kada a ce na yi tawaye, in dawo in ajiye aikin cikin mutunci. Na bar iyalina, na hau motar kasuwa, daga inda ta tsaya na hau kabu-kabu, muna tafe muna sauka muna tura moto cikin rairayi. Na tarar da ɗaki guda mai rufin kwano, jemagu sun mai da shi gidansu, ba firji, ba magani, ba ko almakashi. Maigari ya tarbe ni da fura da fara'a, ya ce sun daɗe suna roƙon a kawo musu lokotoro. Na amsa masa da baki, amma a raina ina lissafin ranar komawa. Kwanakin farko a ɗaki na yi su, ƙofa a saye.

Wata rana da hantsi ya yi zafi sai na ji ana sallama. Wata tsohuwa ce, ta sha tafiya, zanenta duk ƙaya. Ta ce saniyarta ke naƙuda tun asuba, ɗan ya ƙi fitowa, maza sun ja sun gaji, yanzu ta kwanta ba ta ko yunƙuri. Ta ce ita ke nan gare ta, da nonon saniyar take riƙon jikokin da ɗanta ya mutu ya bari. Maƙwabta sun ce a yanka kafin ta zama mushe, ita kuwa ta ce sai ta zo ta ga lokotoron da aka ce an kawo. Ina tsaye a bakin ƙofa na soma jera mata dalilai. Na ce Inna, ba a ba ni kayan aiki ba, ba safar hannu, ba allura, ba moto, gwamnati ta turo ni ne hannu wofi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta dube ni ta ce, "To ɗana, hannun naka ai ka zo da shi ko?"

Na sa takalmi na bi ta. Muka tarar da saniyar kwance a gindin wata bishiya, idonta ya yi ja, mutane sun kewaye ta, wani har ya wasa wuƙa. Na ce a kawo ruwa da sabulu da man gyaɗa. Na tuɓe riga, na wanke hannu har kafaɗa, na durƙusa cikin ƙasa. Da na sa hannu sai na ji kan ɗan maraƙin da ƙafa guda a hanya, ɗayar ƙafar ta lanƙwashe ta koma baya, shi ya sa duk jan da aka yi bai yi amfani ba. Na jira ta sassauta, na tura shi ciki a hankali, na lalubo ƙafar, na rufe kofaton da tafin hannuna don kada ya yage ta, na miƙo ta. Hannuna ya mutu saboda matsi, gumi yana shiga idona. Abin mamaki, duk abin da na ɗauka na manta a kan benci, yatsuna ba su manta ba. Na ɗaura igiya a ƙafafun biyu, na ce wa maza biyu kada su ja sai na ce, kuma su ja ƙasa-ƙasa lokacin da ta yi nishi. Muka yi ta fama har ɗan maraƙin ya sulluɓo gaba ɗaya ya faɗo a kan buhun da aka shimfiɗa. Ba ya motsi. Wani ya ce ai ya mutu. Na share masa majina daga hanci da baki, na murje ƙirjinsa da busasshiyar ciyawa da ƙarfi, na sa tsinke na taɓa cikin hancinsa. Sai ya yi atishawa, ya girgiza kunne. Wurin ya ɓarke da kabbara da guɗa. Uwar ta ɗago kai ta yi wani ƙaramin kuka, aka ja mata shi gabanta, ta soma lasarsa.

Na koma bayan wani rumbu wai zan wanke hannu, sai kawai hawaye suka zubo mini, na kasa tsayar da su. Ba don saniyar ba ne kaɗai. Na ji ne kamar an daɗe da danne mini ƙirji da dutse yau aka ɗaga. Tsohuwar ta biyo ni da ƙwaryar ruwa, ta ga halin da nake ciki, ba ta tambaye ni kome ba, ta dai ce Allah ya yi wa uwar da ta haife ni albarka. A ranar na ci tuwo na ƙoshi, abin da na daɗe ban yi ba.

Labari ya bazu a rugage da ƙauyuka. Kafin wani lokaci, da safe sai in tarar da mutane a ƙofata, wannan da rago mai zawo, wancan da jaki mai gyambo, wani ya zo ne kawai ya yi tambaya a kan kajinsa. Abin da zan iya na yi, wanda ya fi ƙarfina na faɗa musu gaskiya. Muka haɗu da maigari da matasan gari muka gyara tsohon shingen da ake tara shanu don allura, wanda ya rushe shekara da shekaru. Wahalar ba ta ragu ba, ruwa da nisa, hanya ba kyau, sau da yawa a ƙafa ko a amalanke nake zuwa inda aka kira ni. Amma na daina lissafin ranar komawa. Na aika wa yayana cewa ya yi haƙuri ya nemi wani ya riƙe masa sito. Ya ji haushi, ya ce lalle maganar mahaifiyarmu gaskiya ce, akwai abin da ke damun kaina.

Ana nan tsohon shef ya yi ritaya, aka kawo wata mata a madadinsa. Na ɗauka ba ta ma san da ni ba. Wata rana sai ga mota ta maƙale a rairayi a bayan gari, muka je turawa, ashe ita ce ta zo da kanta ganin wurin. Ta ƙi kujerar da aka kawo mata, ta zauna a tabarma, ta ce ita sabuwa ce a wannan yanki, ni ne na san shi, in gaya mata abin da na gani da abin da nake ganin ya kamata a yi. Wallahi sai da na waiga in ga ko da wani take. Shekaru ke nan ba wanda ya tambaye ni ra'ayina a kan aikina. Na yi ta magana, tana saurare, tana tambaya, wani wurin ta yarda, wani wurin ta ce a'a ta kawo dalilinta. Da za ta tafi ta ce ba za ta yi mini alkawarin abin da ba ta da shi ba, amma duk abin da ya samu ba za ta manta da nan ba. Ba ta manta ba kuwa. Ya ɗauki lokaci, amma moto ya zo, daga baya aka kawo firji mai aiki da hasken rana. Ta kuma sa doka cewa a duk taron ma'aikata kowa zai faɗi matsalar wurinsa, kuma ba wanda za a riƙe a zuci don ya faɗa. Da ta ji labarin abin da ya same ni, ta ce in ina so za ta mai da ni babban gari. Na yi shawara da matata, ita ce ma ta ce gara su su biyo ni. Suka zo, yara suka shiga lakwal, wato makarantar bokon garin, suka dawo da rugowa tarona in sun ji ƙarar moto.

Yayana ya zo sunan ɗiyar da muka haifa a can. Ya ga makiyaya sun taho daga rugage masu nisa da ƙoren nono, ya ga yadda dattawa ke kama hannuna da hannu bibbiyu. Da zai hau mota ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, na so in fitar da kai daga wahala, ashe da na raba ka da arzikinka." Shi kuwa tsohon shef, mun haɗu a wata jana'iza, ya tsufa, yana dogara sanda. Ni na je na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce a lokacin tsoro ne ya kama shi, yana gab da ritaya, ya ga kamar zan zubar masa da mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa, ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, har cikin zuciyata.

Abin da na koya shi ne, ma'aikaci ba albashi kaɗai ke riƙe shi ba. Albashi haƙƙi ne, dole a biya shi kuma a kyautata shi, amma ni na ga lokacin da yake zuwa cif ina mutuwa a tsaye, na kuma ga lokacin da nake tafiya a ƙafa cikin rairayi zuciyata fari ƙal. Mutum yana so ya ga amfanin hannunsa, yana so a tambaye shi, a saurare shi, in ya yi daidai a ce ya yi. Ina kira ga duk wanda Allah ya ba shugabancin wani buro, ko na mutum uku ne, ya ji tsoron Allah kada ya hori na ƙasa da shi ta hanyar hana shi aiki. Ba shi kaɗai kake horo ba, har da iyalinsa, har da talakan da ke can yana jiran a zo a duba masa dabbarsa ko ɗansa. Kuma wanda ya gaya maka gaskiya mai ɗaci a wurin aiki, yawanci shi ne wanda ya fi son aikin.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata da ke cikin irin halin da na shiga, na san yadda abin yake, ba zan ce muku ba ya ciwo ba. Amma kada ku kai ɓacin ran gida kamar yadda na yi, yara ba su san abin da ya faru a buro ba. Kada ku yanke shawarar barin aiki a ranar da ranku ya fi ɓaci, ku nemi wanda ya san ku da gaske ku yi magana da shi. Ku kuma rarrabe tsakanin shugaban da ya ɓata muku da aikin da kuka zaɓa, domin na daɗe ina ɗauka abu guda ne. Shugaba yana zuwa ya wuce, ni na ga wucewar nawa. Mutanen da aka ɗauke mu don mu yi wa aiki kuwa suna nan inda suke, kuma in ka je musu da zuciya ɗaya, sun san yadda ake karɓar mutum. Yanzu haka da nake rubuta wannan, akwai wani bawan Allah zaune a ƙofata da tunkiyarsa, ya ce ba ya sauri, in gama tukuna. Bari in tashi in duba ta. Allah ya sa mu ci halal ɗinmu da daɗin rai. Wassalam.